Neman Dawar Inna a Ƙasar Lagdo

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Tun da na dawo daga Kamaru abokan aikina na Tudun Hatsi ba su bar ni na huta ba. Kowa ya kawo buhunsa a ɗinke, sai ya zauna a bencina ya ce, "To Sa'idu, yaya can ɗin yake?" In na ba wannan labari da safe, da yamma wani ya zo in sake daga farko, har na fara tsoron kada in gaya wa wani abu, in gaya wa wani daban, a ce na yi ƙarya. Abin da ya riƙe hannuna kuwa, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ƙasar mutane ce, ina gudun in rubuta abin da ban tabbatar ba in ɗauki alhakinsu. Daga baya na ga ina da wata buƙata wurin masu karatu, wadda ba zan iya bin kowa gida in faɗa masa ba. Saboda haka abin da na gani zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini.

Sana'ata ɗinkin buhu ce a kasuwar hatsi, gidanmu yana Bagadaza. Mahaifiyata, da muke kira Inna, sunanta Hajjo, ba haihuwar Gombe ba ce. Marigayi babanmu yana fataucin busasshen kifi ya auro ta daga wani ƙauye a bakin Binuwai ta wajen Kamaru, ana ce masa Wuro Jaɓɓi. Yanzu ta tsufa, ido ya yi rauni, aikinta kawai ta zauna a tabarma tana tsince wake da hannu. Bara bayan girbi sai ta fara ƙin abinci. An kai ta asibiti, aka ce ba a ga wani ciwo ba ban da tsufa. Matata Asabe ta dama kunu iri-iri, Inna ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Kullum maganarta guda ce, da za ta sami kunun dawar garinsu da ta sha.

Dawar da take nufi ita ce masakwa, wadda ake dasawa bayan damina a ƙasar laka idan ruwa ya janye. Ni da nake cikin hatsi, sai na ga abin mai sauƙi ne. Na sayo mata wadda ake kawowa daga Barno. Ta murza a tafin hannu, ta shinshina, ta ce, "Wannan 'yar'uwarta ce, ba ita ba ce. Tamu rawaya ce, safrari sunanta, in ana dama ta maƙwabta suna sani." Na kawo ta wani wuri, nan ma ta ture. Ina kallo wuyan hannunta yana ƙara sirancewa. Sai na ce zan je.

Ban taɓa wuce Yola ba a rayuwata. Na yi ta shiri ina warwarewa. Na yi allurar rigakafi na karɓi katin, na je na sake tambaya ko hatimin ya fito sosai. Na ɗinke takarduna a cikin leda, na ɗinke ledar a cikin aljihun 'yar shara. Na sayi turmin atamfa, da sukari, da sabulu na tsaraba. Da safen da zan tafi na durƙusa gaban Inna, ta lalubo wani ƙullin wake a cikin tsohon ɗankwalinta, ya kai mudu guda, irin wanda ta tsince da kanta daga 'yar gonarmu. Ta ce, "Ungo, ba a zuwa hannu sake." Na ce na gode, na sa a jaka. A raina na ce Inna ta san halina na tsoron abincin waje, guzuri ta ba ni. Sai ta kwatanta mini garin: akwai dutse a bayansa mai tsagaggen kai kamar an sare shi da gatari, da tsamiya babba a ƙofar gidan jauro, wato mai garin.

Hanyar Gombe zuwa Yola ba sai na ba ku labarinta ba. Mun bi ta Kaltungo da Cham, muka haye gadar Numan, ramuka suna nan inda kuka san su. A motar ne Allah ya haɗa ni da Hajja Dudu, wata dattijuwa mai fataucin atamfa da kwanuka tsakanin Gombe da Garwa. Ta lura ina yawan taɓa ƙirjina, ta ce, "Malam, zuciya ce ko kuɗi?" Na ce takardu ne. Ta yi dariya ta ce, "In ka ci gaba da nuna wa ɓarayi wurin, ai sai su gode maka." Da ta ji inda za ni, ta ce hanyarmu ɗaya har Ngong, in bi ta kawai in yi shiru.

Daga Jimeta muka shiga wata motar zuwa Gurin, can ne bakin iyaka. Ni a zatona iyaka katanga ce da ƙofar ƙarfe. Ashe kogi ne, ana ce masa Faro. Lokacin rani ne, yawancinsa rairayi, sai ka yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin ka kai ruwan, sannan a sa ka a kwalekwale. A cikin namu har babur aka ɗora, da buhunan siminti, da tunkiya. Na tambayi mai tuƙi ko kayan ba su yi yawa ba. Ya ce, "Kai ne ka yi yawa, sauka." Hajja ta jawo rigata ta zaunar da ni. Na ɗora jaka a ka, ina salati har muka ƙetare. Da na sauka na ga yara suna wasa a ruwan, iyakarsa ƙugunsu. Takalmina ɗaya kuma laka ta riƙe shi, sai da na tono shi da hannu.

A ɗaya gefen akwai rumfa da jami'ai a ciki. Na shirya jin Faransanci, na ma roƙi Hajja ta tsaya kusa. Sai jami'in ya dube ni ya yi mini sallama da Fulatanci. Fulatancina na kasuwa ne, wanda na tsinta a bakin Inna, amma ya ishe ni. Sai da na warware ɗinkin aljihu da haƙori kafin in fito da takardu, mutane suna jira a bayana. Ya tambayi abin da ya kawo ni. Hajja ta riga ta ce in ce ziyara, amma na ga ba ziyara ce zalla ba, sai na ce na zo neman dawa. Ya ajiye biro ya kira abokinsa, ya ce, "Zo ka ji, dawa ta ƙare a Najeriya." Na ba su labarin Inna. Ya buga hatimi, ya ce in gaishe ta. Da muka fita Hajja ta ce, "Kai dai Allah ya yi ka, ko ɓera aka tambaye ka sai ka faɗi sunan uwarsa."

Kafin Ngong mun canji kuɗi zuwa sefa, muka hau babur, sannan mota. Ngong gari ne na kan titi, da kasuwar hatsi da ta tuna mini da tamu, har na tsaya ina duban ɗinkin buhunansu. Suna yin ɗinki mai faɗi, ba sa ninke bakin buhu kamar mu. Hajja ta kai ni gidan wani mai masauki a unguwar Hausawa. Ɗakin ba laifi, da tabarma da buta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne burodinsu, dogo kamar sanda, mai tauri a baya, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya ba leda. Gaisuwarsu kuma ta fi tamu tsawo. Mutum zai tambaye ka gida, da yara, da gajiya, da rana, in ya kai ƙarshe ya sake komowa kan gida.

Da aka kawo abinci na ga tuwon masara da miyar yakuwa da nama. Na san gidan Musulmi ne, amma raina ya ƙi kwanciya, ban san cikina da miyar ba. Sai na kwance ɗankwalin Inna na ɗebi wake na ba matar gidan ta dafa mini. Ƙanshinsa ya tashi, Hajja ta matso da cokali, baƙi biyu da muke masauki ɗaya su ma suka matso. Ba a hana mutum abinci. Washegari aka sake dafawa, domin sun yaba.

A kasuwar Ngong na fara tambayar Wuro Jaɓɓi. Matasa ba su san shi ba. Wani tsoho mai awo ne ya ce, "Wanda ke cikin ruwa?" Na ce wane ruwa. Ya ce ai tun da aka datse Binuwai a Lagdo ƙauyukan wannan kwarin suka nutse. Dam ɗin nan ne da muke ji a rediyo duk damina ana cewa za a sako ruwansa, mutanen Yola da Numan su yi hattara. Ban taɓa kawo wa raina cewa garin Inna yana ƙarƙashinsa ba. Ita ma ta ji an ce an tashi mutane, amma ta ɗauka matsawa kaɗan suka yi. Na zauna a kan buhu. Hajja ta nuna mini masakwa tuli a gaban masu awo, har da rawaya. Ta ce, "Ɗan Gombe, saya ka koma. Tsohuwa ba ta gani, wa zai gaya mata?" Na ce hancinta yana gani, kuma ko bai gani ba ni na sani. Ta ce, "To Allah ya ba ka sa'a, ni ban iya da kai ba." Ta haɗa ni da wani direba mai zuwa Lagdo, ta wuce Garwa. Har yau ina mata addu'a.

Lagdo ƙaramar hukuma ce ta karkara, su suna ce mata komin, shugabanta kuma mer. Ban da shi akwai sarauta irin tamu, lamido a sama, sai jauro a kowane ƙauye. Yadda aka kwatanta mini ƙasar, kashi uku ce. Akwai tafkin da bakinsa, inda masunta suke. Akwai ƙasan dam, inda aka ja ruwa ana noman shinkafa. Sai tudu da duwatsu, inda ake auduga da masara da gyaɗa, makiyaya kuma suna ratsawa. Tafkin ya fi na Dadin Kowa nesa ba kusa ba, in ka tsaya a baki ba ka hango ƙarshensa. Mutanen kuwa taron dangi ne. An ce Fulani da wasu ƙabilun kwarin ne tsofaffin zama, amma bayan dam mutane suka kwararo daga can arewacin ƙasar, Tupuri da Mafa da Musgum, da masunta har daga Najeriya da Cadi. Za ka ga masallaci nan, coci can, kamar ka shiga unguwar Herwagana a Gombe. Kowa da harshensa a gida, a kasuwa kuma Fulatanci ne ya haɗa su, yadda Hausa ta haɗa Batangale da Batere a wurinmu.

A bakin ruwa na ji wani yana faɗa da ɗansa da Hausar yamma, na matsa na yi sallama. Sunansa Malam Ɗanjuma, Bakabe ne, babansa ya zo da shi yana ƙarami. Ya sauke ni a gidansa na zana. Matarsa ta kawo kifi, manya, an soya, amma na tuna an ce kifin sabon wuri yana tayar da ciki. Na sake kwance ɗankwali. Kuma da na ga ɗawainiyar da suke yi da ni, na ɗebi mai yawa na ba ta kyauta. Daga baya dai na ci kifin, ban ga abin da ya yi mini ba sai daɗi.

Malam Ɗanjuma ya san Wuro Jaɓɓi, ya ce masunta har yanzu suna kiran wuraren kamun kifi da sunayen garuruwan da ke ƙasa. Mutum zai ce ya kwana biyu yana jefa koma a kasuwar gari kaza, alhali ba komai a wurin sai ruwa. Ya ce zai kai ni a kwalekwalensa mai inji. Na tambaya ko akwai dorina. Ya ce, "Akwai, amma ba sa cin baƙo sai ya gaishe su." Ban gaishe da kowa ba har muka je. Muna cikin tafiya sai na hango wani tsibiri, dutse ne tsaye a cikin ruwa, kansa a tsage kamar an sare shi da gatari. Ban jira an gaya mini ba. Ya kashe inji. Ya ce daidai nan ne, garin yana ƙarƙashinmu, in ruwa ya ja sosai komarsu takan sarƙe a kututturen itatuwa. Ruwan a kwance yake, ba motsi. Na tuna kakana da kakata suna nan ƙasa, ban san daidai ina ba. Na ɗaga hannu na yi musu addu'a, Malam Ɗanjuma ya shafa tare da ni.

Ya ce mutanen garin sun rabu. Wasu sun bi shinkafa, wasu sun haye gabas, wasu kuma sun hau tudu suka kafa sabon ƙauye da tsohon suna. A can akwai wani tsoho, Baba Hammadu, in akwai mai sauran tsohuwar dawa to shi ne. Na hau babur, muka bi wata hanya ta cikin gonakin auduga da aka riga aka tsince, mai babur yana gudu ina roƙonsa.

Na tarar da Baba Hammadu a zaure yana tufkar igiya. Muka yi gaisuwa irin tasu har na ƙare abin da na iya. Na ce ni ɗan Hajjo ne, wadda mai kifi ya aura ya kai Gombe. Ya daina tufka. Ya ce, "Hajjo mai wushirya? Wadda ke hawa rumfar korar tsuntsaye da ƙanwata su yi ta waƙa, tsuntsaye suna cin dawa?" Na ce wushiryar dai haƙoran sun zube, amma ita ce. Ya kira mutanen gida, aka kawo ruwa da nono, ya ce daga yau in ce masa Kawu. Ya tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ya gaya mini waɗanda suka rasu cikin sa'o'inta, kusan duka ne.

Sai na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce da can kwarin nan duk masakwa ne, kogi ya cika ya janye ya bar laka, a dasa, ba ruwan sama ba ban ruwa, a girbe cikin sanyi. Dam ya cinye kwarin, a tudu kuma ba ta yi. Shi kaɗai ya sami wata 'yar fadama yake dasa safrari don kada ta ɓace, bana kuma tsuntsaye sun yi masa ɓarna. Ya nuna mini rufin ɗaki. 'Yan zangarniyoyi ne a rataye, hayaƙi ya dafa su, iri ne na baɗi, ba na ci ba.

Na fito da atamfa da sukari da sabulu na ajiye gabansa. Ya sa albarka, ya ce, "Wannan gaisuwa ce, na karɓa. To me ta aiko?"

Na ce, "Kawu, ai su ke nan. In kuma kuɗi ne, a faɗa mini."

Ya ɓata fuska. Ya ce a Wuro Jaɓɓi ba a sayar da iri, ba a kuma bayar da shi kyauta. Iri da iri ake musanya, awo da awo, abin da ka kawo shi za a auna maka. Ya ce haka suka gada, kuma sun ga amfaninsa da ruwa ya tashe su. A shekarar ƙaura irinsu da yawa ya lalace, sai garuruwan da suka taɓa musanya da su suka dawo musu da shi, domin kowa ya san na wa ke hannunsa. Ya ce, "Hajjo 'yar garin nan ce. Ba za ta aiko ka neman iri hannu sake ba. Duba jakarka."

Da ya ce hannu sake, sai na tuna maganar Inna ranar da zan taho. Na jawo ɗankwalin Inna, wanda ya taho da mudu guda, yanzu ya koma ɗan ƙulli kamar na goro. Na kwance a gabansa. Ya sa yatsa yana juya waken. Ya ce, "Ka ga, ba tsinke, ba mai huji, duk girmansu ɗaya. Wannan ba na tukunya ba ne, zaɓar iri aka yi. Ina sauran?"

Na ce, "Na ci, Kawu."

"Kai kaɗai?"

"Da Hajja Dudu, da wasu baƙi a Ngong, da gidan wani masunci."

Matan da ke bayan zana suka fashe da dariya. Shi ma ya yi har da tari. Ya ce, "Ɗana, dawar uwarka ka cinye a hanya, har ka gayyaci jama'a." Ni ban iya dariya ba. Na ce zan je kasuwa in sayo wake in cika. Ya ce na kasuwa ba a san uwarsa ba, wannan kuwa ta hannun Hajjo ya bi. Ya sa aka kawo ludayi. Aka zuba waken, ya cika shi daidai, ba tozo. Ya miƙe da kansa ya sauko da zangarniya, ya murje a faifai, ya auna mini ludayi ɗaya. Rawaya ce, ƙwayar ta fi ta Barno girma, ƙanshinta kuma ko ni na ji daban. Ya ƙulle ta a ɗankwalin da wake ya zo a ciki.

Na yi ta lissafi a raina, ludayi ɗaya kunu ne na kofi guda. Na so in roƙi ƙari, amma na dubi rufin ɗakin na ga abin da ya rage masa, na fasa. Ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake yi ko da za a so dasawa: a yafa irin a ɗan fili wajen ƙarshen damina, in ya kai tsawon kamu biyu a cire, a rage ganyen, a huda laka da turke mai tsini, a zuba ɗan ruwa a ramin, a sa dashe biyu. Na sa ya maimaita har ya gaji da ni. Ya ce wakenta kuma zai shuka shi da ruwan farko, za a riƙa ce masa na Hajjo.

Dawowa ba ta yi wuya kamar zuwa ba, sai dai ban yarda ƙullin ya bar jikina ba. Inda takardu suke a da, nan na ɗinke shi, takardun na sa a jaka. A Faro na ƙi shiga kwalekwale, na naɗe wando na ratsa da ƙafa tare da yara, hannuna a ƙirji. Tun kafin in shiga ruwan jami'in nan ya gane ni, ya ce, "Mai dawa, ina buhun?" Na nuna masa ƙullin. Ya ce duk wannan tafiya saboda wannan? Na ce da ya fi haka, ni na rage shi.

Na iso Bagadaza da la'asar. Inna tana kan tabarmarta, ta ƙara ramewa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ka kai musu waken?" Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce, "Inna, me ya sa ba ki ce mini na musanya ba ne?" Ta ce, "Yo wa ake gaya wa wannan? Kai da kake kwana cikin hatsi!" Sai ta fara dariya, irin wadda muka manta da ita a gidan, tana cewa, "Ɗan Gombe, ɗan Gombe." Da na zo kan maganar ruwa da dutsen ta daina dariya. Ta tambayi tsamiya, na ce ban gan ta ba. Ta tambayi ƙanwar Baba Hammadu, na ce ta rasu. Ta ce Allah ya ji ƙansu.

Na sa mata ƙullin a hannu. Ta kwance, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a baki tana tsotsa. Ta ce, "Ita ce."

Asabe ta riga ta jawo turmi, ta ce, "Inna, kawo in surfa, yanzu in dama miki." Inna ta rufe ƙullin da hannu biyu. Ta ce, "Iri aka ba ni. Ba a dama iri." Na ce, "Inna, sai ƙarshen damina ake yafawa, girbi kuma sai cikin sanyi, kusan shekara ke nan." Ta ce, "To sai in jira. Asabe, ina wannan kunun naki marar daɗi? Kawo shi." Ta sha rabin kofi a ranar. Tun daga nan tana ci, ba da yawa ba, tana ci tana kushewa, ta ce dole ta ci don kada a girbe ba ta nan.

Yanzu irin yana cikin kwalba da toka, yadda Kawu ya ce. Nakan buɗe in duba kullum, Asabe tana cewa ni zan kashe shi da dubawa. Damuwata ita ce gonarmu jigawa ce, masakwa ba za ta yi a cikinta ba, kuma ludayi ɗaya ne, in na yi kuskure ba na biyu. Ga buƙatar da na ce zan faɗa. Duk wanda ya san inda ake samun baƙar laka mai riƙe ruwa bayan damina a kewayen Gombe, ko ta wajen Dadin Kowa, ko Nafada, ko wani wuri da ban sani ba, da wanda ya taɓa dasa masakwa da hannunsa a ƙasarmu, ina roƙonsa don Allah ya neme ni a layin masu ɗinkin buhu a Tudun Hatsi, a tambayi Sa'idu na Bagadaza. Ina so in san lokacin da ya dace da yafa iri a nan, domin ruwanmu da nasu ba lallai su ɗauke tare ba. Haka kuma in akwai wani ɗan asalin tsohon Wuro Jaɓɓi, ko jikansa, da ke zaune a wannan yanki, ya zo ya gaishe da Inna, tana son wanda za ta tambaya labarin tsamiya. Wanda ya ba mu aron fili, in Allah ya sa ta yi, zai sami iri. Sai dai Inna ta ce in faɗa tun yanzu, ya zo da nasa a hannu.